Santsin mai da giya ta huɗu a tsofaffin motocin Amurka

A 1948 kamfanin Buick ya fito da giyabos ɗin Dynaflow. Mota na tashi sumul, babu fizga, sai dai akwai ta da zuƙar fetur. Dalilin yana cikin tok-kwambata, wani ƙoƙon ƙarfe cike da mai da ke tsakanin inji da giya. Fanka biyu ne ke fuskantar juna a ciki: ta inji tana watsa mai, man yana tura ta giya. Tunda mai ne kawai ya haɗa su, ta biyun ba ta taɓa kamo ta farko. Wannan ratar ce santsi, kuma duk ƙarfin da ya zube a nan zafi yake komawa.

Santsin yana da ranarsa. Shi ke barin mota ta tsaya cikin giya inji bai mutu ba, kuma wajen tashi kwambata kan kusan ninka ƙarfin juyin inji. A doguwar tafiya ne yake zama asara. Packard ya gane haka tun 1949, ya sa wa Ultramatic kulocin da ke kulle ɓangarorin biyu idan mota ta miƙe hanya. Fetur na araha a lokacin, manyan kamfanoni ba su damu ba, sai da tsadar 1973 ta ƙure su. Chrysler ya dawo da kulocin a 1978, Ford ya fito da AOD a 1980, General Motors kuma da 700R4 a 1982, mai kulocin kullewa da kuma giya ta huɗu da ake kira obadirayib: inji ya juya sau 7, sandar da ke kai ƙarfi baya ta juya sau 10.

A nan masu gyara tsofaffin motoci kan yi tuntuɓe. Injin da ke juyi 3,000 a minti da tsohuwar giyar TH350 mai giya uku zai sauko 2,100 in an dasa masa 700R4, kunne ya huta. To amma idan kwambatar irin ta masu son gudu ce, wadda ba ta kamawa sosai sai wajen 2,500, kuma bakanike ya yi ƙyuya bai haɗa wayar kulocin kullewa ba, motar za ta yini tana santsi. Man giya, da aka sani ja, sai ya koma baƙi yana warin ƙuna, faifan kuloci su bi bayansa. A ganina, gara tsohuwar giya uku da giya huɗun da ba ta kullewa.