Tasirin Zaman Ƙauyen Masunta a Zanen Winslow Homer

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda muhalli kan sauya idon mai fasaha, ta yin la'akari da Winslow Homer (1836–1910), Ba'amurke mai zanen hoto, haifaffen birnin Boston.

Homer ya fara yin suna ne da zane-zanen yaƙin basasar Amurka a mujallar Harper's Weekly. A 1873 ya duƙufa ga fentin ruwa, wato launin da ake damawa da ruwa a shafa a takarda. Hotunansa na wannan lokaci cike suke da hasken rana da yara masu wasa a bakin teku, mata kuwa galibi 'yan kwalliya ne masu shan iska.

A 1881 ya tsallaka Ingila, ya sauka a Cullercoats, wani ƙauyen masunta a gaɓar Tekun Arewa kusa da Tynemouth, ya zauna har ƙarshen 1882. Mai karatu da ya saba ganin su a Gulbin Sakkwato tsakanin Gusau da Bunguɗu, inda ruwa kan janye da rani, sai ya ƙaddara wani ruwa dabam, mai sanyi da hazo, wanda ba ya ƙafewa, kuma yakan ci mutane. Maza kan shiga teku, su bar mata da gyaran taru, da ɗaukar kwandunan kifi, da tsayuwa bisa duwatsu suna jiran dawowar jirage. Waɗannan mata su Homer ya fi zanawa.

Daga nan launukansa suka koma toka-toka da shuɗi mai duhu. Hotunan suka ƙara girma, ya riƙa kankare launi ko tsotse shi daga takarda domin fito da kumfar igiyar ruwa. Matan kuwa ya zana su ƙarfafa, masu kaurin damtse, ƙafa kafe a ƙasa, iska na kaɗa tufafinsu. Wannan shi ne muhimmin sauyin, domin mace ta tashi daga abin kallo ta zama ma'aikaciya mai ɗauke da gida.

A Oktoban 1881 jirgin Iron Crown ya yi hatsari a Tynemouth, Homer ya zana yadda aka fita ceton mutanensa. Bayan komawarsa Amurka ya tare a Prouts Neck, jihar Maine, a 1883, inda gwagwarmayar mutum da teku ta zame masa babban jigo har rasuwarsa.