Kantar zuciya

"Ba su da imani." Ita ce maganar da ake yawan jifan ma'aikatan lafiya da ita, daga Bagudo har Illo da Kaoje. A kawo mai naƙuda a kan babur cikin dare, jini ya jiƙa zani, ungozoma ta dube ta ba ko sannu, ta miƙa wa miji takarda ta ce ya sayo safar hannu da ƙarin ruwa. Mijin ba zai manta da wannan kallo ba, kuma yana da gaskiyarsa. Abin da ke damuna shi ne saurin hukuncinmu, wai dama can haka zuciyarta take.

Sau da yawa ba haka ba ne. Tausayi ma yana gajiya. A 1992 wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Carla Joinson, ta yi rubutu kan yadda hakan ke kama masu aikin sashen gaggawa, a 1995 kuma masanin halayyar ɗan Adam Charles Figley ya fitar da littafi a kai. Barci yana ƙaurace wa mutum, fushi yana zuwa da wuri, ya fara gudun haɗa ido da majinyaci, daga baya ya ji kamar ba ya jin komai. Figley ya nuna cewa mai zurfin tausayi ya fi shiga haɗarin kamuwa.

Dubi tafin hannun manomin shinkafa a fadamar kogin Neja. Inda ƙotar fartanya ta fi guga, nan kanta ke fitowa. Fatar ba mutuwa ta yi ba, kare kanta take yi, kuma hannun da bai sha guga ba ba ya yin kanta. Ungozomar da ke kwana ita kaɗai a bakin aiki, a yankin da dangi ke ƙetarawa ta Tsamiya da Lolo tsakaninmu da Benin ɗauke da marasa lafiyarsu, gugar da zuciyarta ke sha ke nan.

Mu ma da ke zargi ba mu tsira ba. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafar Kebbi. A Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Warra da mutum fiye da 100. Ga kuma hare-haren 'yan bindigar Lakurawa. Yanzu labari yakan shigo waya, a ce "Allah ya jiƙansu", a wuce. A wani bincike na 2007, Paul Slovic da abokan aikinsa sun ga mutane sun fi ba da taimako idan an nuna musu yarinya guda 'yar Mali mai suna Rokia, amma da aka haɗa labarinta da alƙaluman miliyoyin mayunwata sai taimakon ya ragu.

Wannan ba lasisin wulaƙanta majinyaci ba ne. Amma wa'azi kaɗai ba zai gyara ba. Bayan kowace masifa manya kan zo jaje da buhunan abinci, babu mai tambayar masuntan da suka tsamo gawarwaki ko suna iya barci. An sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, amma asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke Sakkwato tafiyar sa'o'i ce daga Bagudo. Abin da ungozomar nan ke buƙata ba ya wuce abokiyar aiki da za ta karɓe ta da asuba, da hutun da ba a yi mata gori a kansa, da babba a wurin aiki da zai zauna ya saurare ta ranar da jariri ya mutu a hannunta.