ZAMA A TSIBIRAN FIJI: Aikin Gida Ne Jarrabawar Farko ta Baƙo

A cikin shekarar 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake Ministan Harkokin Waje, Nijeriya ta ƙirƙiro shirin aika ƙwararrunta su taimaka wa ƙasashe masu tasowa na Afirka da Karibiyan da Tekun Fasifik, watau shirin da aka fi sani da TAC. Hedkwatarsa tana nan Abuja, kuma daga nan ake tura likitoci da malaman makaranta da ma'aikatan jinya su yi shekara biyu a ƙasashen waje. Cikin ƙasashen da suka amfana har da Fiji, wadda ta sami mulkin kai daga Ingila ran 10 ga Oktoba, 1970.

To, jama'a, wanda aka miƙa wa takardar tafiya a Abuja yakan ɗauka aikin asibiti ko na aji ne zai gwada shi. Amma tun kafin ya kai ga wannan, akwai jarrabawar murhu da igiyar shanya, kuma wanda ya faɗi a nan, da wuya ya tsinana wani abin kirki a wurin aiki.

DUNIYA TA JUYA

Fiji tarin tsibirai ce fiye da 300, kimanin 110 ne da mutane a cikinsu. Babban birninta, Suva, yana kan tsibirin Viti Levu. Agogonsu yana gaban namu da awa 11, watau sa'ad da mutumin Abuja yake sallar isha'i, su can gari ya waye. Mu nan gabas muke fuskanta in za mu yi salla, amma a can alƙibla tana yamma. Haka kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin hunturu da bazararmu, su kuwa suna tsakiyar damina da zafi.

ME ZA A ƊORA A WUTA?

Gero da dawa ba cimarsu ba ce. Abincinsu rogo ne da gwaza da kifi, sa'an nan madarar kwakwa ita ce a madadin man gyaɗa da manja. Uwargida takan zauna kan wata 'yar kujera mai ƙarfe a baki, ta kankare kwakwa, ta matse ruwanta, kuma baƙo ma tilas ya koyi wannan. Ranar biki sukan haƙa rami, su gasa duwatsu, su jera abinci a kai su rufe da ganye har ya nuna.

Wanda yake shirin yin guzurin kuka da daddawa da kilishi ya sani hukumomin ƙasar suna tsananta bincike kan abinci da tsirrai, kuma wajibi ne ya bayyana abin da ya ɗauko tun a filin jirgin sama na Nadi. Amma batun naman halal da sauƙi a manyan garuruwa, domin kimanin kashi 6 cikin 100 na mutanen ƙasar Musulmi ne, jikokin Indiyawan da Turawa suka kwaso tsakanin 1879 da 1916 don noman rake. Tun 1926 suke da ƙungiyarsu, da masallatai da makarantu.

WANKI DA RUWAN SHA

A Kano ko Sakkwato mutum yakan shanya riga da hantsi ya kwashe kafin azahar. A Suva kuwa, inda ruwan sama yake kai kimanin milimita 3,000 a shekara, tufa takan wuni ta kwana ba ta bushe ba, in an ninke ta da danshi sai ta yi fumfuna. Iskar teku kuma gishiri ne da ita, tana cinye ƙarfe da tsatsa. Dabara ita ce a ɗaura igiya ƙarƙashin rumfa, a riƙa wanki kaɗan-kaɗan.

A ƙananan tsibirai ruwan indararo ake tarawa a tanki, shi ne na sha. Dole a rufe shi ruf, gama ko da yake babu zazzaɓin cizon sauro irin namu a Fiji, akwai zazzaɓin dengi, wanda sauronsa da rana yake cizo, kuma a ruwan da aka ajiye yake hayayyafa. Sukari da fulawa da kananzir jirgin ruwa ke kawo su, in teku ta yi fushi sai a yi ta jira. Ga kuma guguwa: wadda ake kira Winston, ta watan Fabrairu 2016, ta hallaka mutum 44. Don haka mai hankali ba ya barin gidansa babu tocila da ashana da tanadin abinci.

MAƘWABCI SHI NE JARI

Duk waɗannan, ba a koyonsu a littafi, sai a wurin maƙwabta, maƙwabtaka kuwa tana da ƙofar shiga. Baƙon da ya isa ƙauye yakan fara kai wa mai gari gaisuwa da saiwar wani tsiro da suke jiƙawa su sha, mai sa kasala a jiki, kamar dai yadda muke miƙa goro. Sai an karɓa sa'an nan ya zama ɗan gari. Abin da zai fi ba Bahaushe mamaki shi ne, sa hula a cikin ƙauye raini ne ga mai gari, alhali mu nan tafiya kai babu hula shi ne abin kunya. Ranar Lahadi kuma ta hutu ce da ibada, ba a son a ga mutum yana faskare ko hayaniya.

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi igiya ka ɗaura. Ba cewa aka yi mutum ya saki addininsa ba, a'a, ya dai girmama masu masaukinsa. Saboda haka ya kyautu mai haramar tafiya ya tambayi waɗanda suka riga shi yadda ake cefane da tara ruwa, kamar yadda yake tambayar alawus. Likitan da ya kwana da yunwa, tufafinsa jiƙe, maƙwabta suna jin haushinsa, sunan Nijeriya ne zai zube a hannunsa.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya komo da su lafiya, amin.