Daga Horo Birni Zuwa Ƙasar Sin: Birane Uku Sun Isa

Tafiyar ziyara ba sabon abu ba ce ga mutanen Horo Birni da kewayen Shagari da Boɗinga. Idan gero ya shiga rumbu akan haɗa kuɗin mota, a tsaya Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, a wuce Hubbaren Shehu, mai sauran guzuri ya ƙarasa Wurno wurin kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kowane zango da dalilin tsayawa a cikinsa, kuma ba a cusa garuruwa goma cikin yini guda. Wannan tsarin ne ya kamata mai niyyar zuwa ƙasar Sin don buɗe ido ya ɗauka.

Yawancin 'yan'uwanmu da ke zuwa can fatauci ke kai su. Su sauka a Gwanzu, su yi mako biyu tsakanin masauki da kasuwa da ofishin masu dakon kaya, su dawo da wayoyi da yadi da kayan sola. In ka tambayi ɗayansu yadda Sinawa ke zaman duniyarsu, sai ya ba ka labarin farashi. Kasuwa ce ta kai shi, babu laifi. Amma wanda ya riga ya biya kuɗin jirgi mai nauyi haka, ƙarin kwana biyar ko shida zai nuna masa abin da zai daɗe yana ba jikokinsa labari. Shawarata birane uku ce: Gwanzu a kudu, Shi'an a tsakiya, Bejin a arewa. A jikin tikiti za a ga an rubuta su Guangzhou da Xi'an da Beijing.

Kafin komai, takardu. Akwai bizar kasuwanci mai harafin M, akwai ta yawon buɗe ido mai harafin L, kuma ana neman su ne a Abuja ko Legas. Akan nemi tikitin zuwa da dawowa da shaidar masauki da jadawalin tafiya, don haka tsara birane na gaba da neman biza. A riƙe katin rigakafin shawara. Wanda zai sauka gidan wani maimakon otal, doka ta ce ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24, kuma wuce wa'adin biza ko da kwana ɗaya ne na iya jawo tara. Daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato sai a bi ta Abuja, ko a hau mota zuwa Kano. Jiragen Habasha da Masar da Ƙatar kan yada zango a Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha kafin su ƙarasa. Agogon Sin na gaban namu da awa 7, shi ya sa ranar farko ta barci ce, kada a ɗora mata wani aiki.

Lokacin tafiya shi ne inda mutane suka fi tafka asara. Sinawa sun haura biliyan ɗaya da miliyan 400, kuma idan suka samu hutu tare suke fita. Makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne, farkon Mayu ma haka, sai bikin sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da masana'antu da shaguna da yawa ke rufewa. A waɗannan ranaku tikitin jirgin ƙasa kan ƙare, wuraren tarihi kuma ko allura ba ta samun wurin faɗuwa. Ga kuma baje kolin Kanton da ake yi a Gwanzu tun 1957, sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma tsakiyar Oktoba, wanda ke sa kuɗin masauki ya yi tashin gwauron zabo. Manomi zai fi jin daɗin farkon Afrilu, kafin ruwa ya sauka a nan gida, ko kuma Nuwamba. Daga Disamba sanyin Bejin kan daskarar da ruwa, irin wanda hunturunmu bai ko kama ƙafarsa ba.

A Gwanzu, unguwar Shiyawbei ce matattarar 'yan Afirka, kuma ba za a rasa mai jin Hausa ba. Amma a keɓe yini guda don masallacin Huwaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar, mai hasumiya da ta kai mita 36. Musulmin garin na danganta kafa shi ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, har akwai hubbaren da ake jingina masa a wani masallacin da ke birnin. Malamanmu sun san cewa littattafan tarihi sun ce a Madina aka binne wannan sahabi, don haka a ɗauki zancen a matsayin abin da mutanen wurin suka gada. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne fataken Larabawa da Farisawa sun zauna a wannan tashar ruwa tun zamanin daular Tang, sama da shekara dubu da suka wuce. Wani abin da kan rikita baƙo: alƙiblarsu yamma take. Kuma yawancinsu Hanafawa ne, to kada Bamalike ya ga bambanci a wasu siffofin salla ya ɗauka kuskure ne.

Shi'an ce zuciyar tafiyar, can ya kamata a fi daɗewa. Ita ce tsohuwar hedikwatar dauloli da dama, kuma daga nan ayarin fataken siliki ke tashi zuwa yamma. A watan Maris na 1974 wasu manoma suna haƙa rijiya a gabashin garin saboda ƙarancin ruwa, sai suka ci karo da gutsattsarin mutum-mutumi na yumɓu. Da masana suka tona, sai ga runduna guda: sojoji da aka ƙiyasta sun kai 8,000, da dawakai da kekunan yaƙi, kowane soja da irin fuskarsa. An binne su ne don gadin kabarin sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin, Cin Shi Huwang, wanda ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa. Ganuwar birnin, mai kewayen kusan kilomita 14, na nan tsaye da faɗinta, har keke ake haya a zagaya a kanta. Duk wanda ya ga yadda aka cinye badalar Kano da gine-gine zai sauko daga wannan ganuwa da tambayoyi a ransa.

Cikin ganuwar ne unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui take, da babban masallacinsu da ake cewa an kafa a 742, ko da yake ginin da ake gani yanzu na zamanin daular Ming ne. Babu ƙubba. Farfajiya ce bayan farfajiya, da rufin katako mai lanƙwasassun baki irin na fadojin Sinawa, sai ka isa ɗakin salla ka ga ayoyin Alƙur'ani sassaƙe a bango. A lungunan unguwar a nemi abincin da suka yi suna da shi: gurasa mai tauri da mai ci zai gutsuttsura da hannunsa, a zuba mata romon naman rago.

Tunda an zo kan abinci, naman alade da kitsensa na shiga girkin Sinawa da yawa, har wanda ake gani kamar ganye ne zalla. A 'yan shekarun nan hukuma ta sa an cire rubutun Larabci daga allunan gidajen abinci da dama, saboda haka a haddace waɗannan haruffa biyu, 清真, su ne alamar halal. Shagunan taliyar Lanjo, wadda ake ja da hannu a gaban mai saye, kusan kowane gari akwai su, galibi kuma na Musulmi ne.

Daga Shi'an zuwa Bejin awa biyar ne ko kusa da haka a jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa. Da fasfo ake sayen tikiti, da shi kuma ake shiga. A Bejin, fadar sarakuna, wadda aka kammala a 1420 kuma sarakuna 24 suka zauna a cikinta, ba ta buɗewa ran Litinin, kuma tikitinta ta intanet ake kamawa kwanaki kafin zuwa. Babbar Ganuwar Sin na bayan gari. Sashen Badalin ya fi sauƙin zuwa, ya kuma fi cunkoso, dattijo kuwa ya hau motar igiya ya huta da matakala. In Juma'a ta riske ka, unguwar Niyujiye na da masallacin da tarihinsa ke komawa 996. Kada ka yi mamaki in wani Basine ya gaishe ka da Hausa a wannan birni: gidan rediyon ƙasar na watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, ana kuma koyar da ita a jami'ar harsunan waje ta Bejin.

Saura waya da kuɗi. WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a layukan ƙasar, don haka a buɗe wa iyali WeChat tun daga gida, a gwada kira kafin a tashi. Ciniki kuwa, har mai sayar da dankali a bakin titi da waya yake karɓar kuɗi, ta Alipay ko WeChat Pay. Ana iya haɗa su da katin banki na waje, sai dai katin naira ba abin dogaro ba ne a can. A tanadi na dala, da 'yan takardun yuwan a aljihu. Sunan masauki kuma a sa a rubuta shi da haruffan Sinanci a takarda, domin direban tasi ba lalle ne ya iya karanta boko ba.