Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Bas Ɗakin Kwana da Ɗan Abin Hannunka

Idan ka bi titin Zariya a Kano daga Gyaɗi-Gyaɗi ka nufi Unguwa Uku, ka riƙa leƙa garejojin da ke gefen hanya da cikin lunguna. Da wuya ka wuce uku ba ka ga tsohuwar bas a jibge ba, Hiace ko J5, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, mai ita yana jiran ranar da 'yan gwangwan za su taya. Wasunsu sun mutu murus. Wasu kuwa da sauran numfashi, kuma irinsu ne mai ƙaramin ƙarfi zai iya mayarwa ɗakin kwana mai tafiya.

Kwana a mota ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Direban tirela yana da gadonsa a bayan kujera, ɗan kasuwar da ke cin Maigatari ranar Alhamis ya wayi gari a Wudil ranar Juma'a kuwa ya san daɗin shimfiɗa tabarma a kan buhuna. Abin da Turawa suka ƙara shi ne tsari. Tun 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara sanya gado da kabad a cikin ƙananan bas na Volkswagen, har abin ya zama sana'a mai zaman kanta a Turai da Amurka. Mu nan ba a kawo mana su a haɗe, sai dai ka haɗa taka. Kuma tun daga farko ka san wanda abin ya dace da shi: mai bin kasuwannin ƙauye, mai haɗa sola ko gyaran famfo da aiki ke kai shi garuruwa, saurayin da kuɗin haya ya fi ƙarfinsa. Ba wanda zai ba ka 'yarsa ka ajiye ta a cikin J5, don haka mai iyali ya ɗauke ta a matsayin masaukin tafiya kawai.

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin mutane shi ne fara aiki daga inda ido ke gani, labule da fenti da kafet. Kai ka fara daga takarda. Kafin ka ba da ko sisi, ka karɓi takardar kwastam da ta mallaka da lasisi, ka durƙusa da kanka ka gwada lambar da ke jikin ƙarfen motar da wadda ke rubuce. Idan harafi ɗaya ya saɓa, yi sallama ka tafi, komai arhar ta. Mota marar takarda za ta iya zama ɗaki, amma ba za ta fita titi ba, ga KAROTA, ga 'yan kiyaye haɗura, ga kwastam a hanyar Ɗanbatta ko Katsina.

Takardu sun yi daidai? To sai ƙarfe. Inji ana sauya shi, giya ana sauya ta, amma idan tsatsa ta ci ƙashin motar, ba ka da abin ɗora komai a kai. Ɗaga ledar ƙasa, ka shiga ƙarƙashi da tocila da sukundireba, ka riƙa caka wa wuraren da sifirin ya kama da kewayen tayoyi da matakalar ƙofa. Ƙarfe mai lafiya zai yi ƙara ya ƙi shiga, ruɓaɓɓe kuwa zai zubo kamar garin kwaki. Motocin da aka shigo da su ta Kwatano, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam, su ka fi bincika, domin a ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, gishirin nan kuwa cin ƙarfe yake yi daga ƙasa. Ka kuma tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Duk inda ka manna shi a jikin motar ya ƙi kamawa, an cike rami ne da foti aka fesa fenti a kai.

Daga nan sai inji, kuma a nan ka tafi da bakaniken da kai ka ɗauko, ba na mai sayarwa ba. Ka je da sassafe, lokacin da injin ya kwana a sanyaye, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A tayar, kai kuma ka koma baya ka kalli hayaƙi. Mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin na ƙona baƙin mai. Baƙi ƙirin yana nufin mai na yi masa yawa. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya ɗumama yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba, kuma idan ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ya koma kalar shayi da madara, gaskit ya ƙone. Babu wanda ba a gyarawa a cikin waɗannan, amma kowanne da farashinsa, kuma daga kuɗin motar za ka zabge shi tun a wajen ciniki.

Wace za ka zaɓa? J5 ta fi faɗi da tsawon ciki, shi ya sa masu dakon tumatir da albasa suka riƙe ta, sai dai an daina ƙera ta a Turai tun wajen 1993, kuma yawancin na hannunmu sun sha wahalar lodi. Ni dai Hiace nake ba da shawara, ba don ta fi kyau ba, don kayanta ne ba ka rasawa. Ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa za ka same su sababbi da na hannu, kuma ko a wane ƙauye ta tsaya maka akwai yaron da ya taɓa kwance irinta. Bayan kujerar direba za ka samu wajen mita 3 a tsawo, faɗi kuma kusan mita ɗaya da rabi. Ya ishi mutum ɗaya da kayan sana'arsa.

Idan ka saya, raba kuɗin da ya rage gida biyu, ka ba lafiyar motar kaso mafi tsoka: birki, sitiyari, lagireto, taya. A kan taya akwai lambobi huɗu a gefe da ke faɗa maka lokacin haihuwarta. Idan ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019, kuma ko zanenta bai cinye ba, robar ta tsufa, zafin kwalta na iya fasa ta. Kada ka kai wa kafinta motar sai ta yi tafiya mai ɗan nisa ta dawo ba ta yi zafi ba.

Yanzu mun iso wurin da aikin Kano ya bambanta da na Turai. Su sanyi suke yaƙa, mu rana. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta ya fi haka nesa. Ka san yadda ɗakin kwano marar silin yake da azahar, mota kuma kwano ce ta sama da ta gefe. Maganin hawa uku ne. Na farko, fenti rufin da fari, domin fari yana mayar da hasken rana, baƙi yana shanye shi. Na biyu, ka yi mata silin: a manna soso mai ƙarfi ko farin kwalin nan marar nauyi da ake naɗe firji da shi a jikin ƙarfen daga ciki, a rufe da siririn falanki. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa, wato hanyar iska. Iska mai zafi sama take tashi, don haka mai walda ya yanka maka ƙaramar taga a rufi mai murfin da ruwa ba ya shiga, a bar wata kafa a ƙasa-ƙasa. Mai zafi ta fice ta sama, mai sanyi ta biyo ta ƙasa, ko fanka ba ka kunna ba. Kowace kafa a sa mata ragar sauro. Wannan silin ɗin dai shi zai tare maka sanyin hunturu a Disamba da Janairu. Kafin ka rufe shi, ka sa a watsa wa motar ruwa da tiyo kana ciki kana kallo, domin yoyon da ba ka gano yau ba, ruwan Agusta zai gano maka shi a kan katifa.

Sai wuta. Mutane da yawa suna jin tsoron lissafinta, alhali bai wuce lissafin randa ba. Batir randa ce, farantin sola shi ne mai garuwa da ke zuba mata ruwa da rana, fanka da fitila kuma su ne masu ɗiba da moɗa. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗaukar 1,200 na ma'aunin wuta, wato 12 sau 100. Amma irin na ruwan batir ba a kwashe shi har ƙasa, in ka yi haka zai mutu da wuri, don haka rabi ne naka, 600. Yanzu ƙirga masu ɗiba. Fanka mai wat 20 ta kwana tana juyawa awa 10, ta sha 200. Ƙwayayen fitila biyu masu wat 5 na awa 5, sun sha 50. Cajin wayoyi biyu, ka ce 30. Duka 280, ko rabin abin da ke hannunka ba ka kai ba. Mai garuwa fa? Faranti mai wat 200 a ranar Kano yana iya zuba maka wajen 700 bayan an cire asara, in dai kana goge masa ƙurar hunturu. Ka ga randa za ta cika kullum. Amma ka jona dutsen guga mai wat 1,000, cikin kusan rabin awa ya sha rabonka na yini. Da wannan lissafin za ka gane da kanka dalilin da ya sa ba maganar na'urar sanyaya ɗaki a nan.

Abu biyu ka tsaya a kan mai haɗa maka wayoyi sai ya yi. Batirin ɗaki daban, na tayar da mota daban, don kada ka sha fanka da dare ka wayi gari kana neman masu turi. Sannan a sa fis dab da batir, a yi amfani da waya mai kauri. Siririyar waya marar fis a bayan falanki da soso, ita ce ke tayar da gobara mutum yana barci.

Akwai kuma abin da ke kisa a ɓoye don ba ya wari, ba a ganinsa. Gawayi da janareta da injin mota duk suna fitar da iska mai guba, wadda idan ta taru a rufaffen wuri take kashe mai barci bai farka ba. Kada ka shigar da kurfoti ciki don jin ɗumi, kada ka kwana injin na aiki, girki kuma a waje, ko a bakin ƙofar baya tana buɗe. Ƙaramar tukunyar gas a ɗaure ta a tsaye, a yi mata huda a ƙasan inda take, domin gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya.

Kayan ciki ba su da wuya, kuma a nan ne za ka yi tsimi. Akwatin katako mai tsawon ƙafa 6 a gefe ɗaya, katifar 'yan makaranta a kai, cikinsa ma'ajiya, da rana kuma kujera. Komai a ɗaure shi da noti a jikin motar, domin abin da ba a ɗaure ba yana zama makami idan ka taka birki. Ka kula da nauyi: jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane kilo da ka ɗora a famfon gidan mai za ka biya shi. Tayil da katako mai kauri ka bar wa masu gida. Maimakon baƙin gilashi, wanda ke buƙatar izinin 'yan sanda, labule ya wadatar.

Saura abin da bakanike ba ya gyarawa, wato inda za ka ajiye ta. Unguwannin Kano irin su Tarauni cike suke da jama'a, kuma baƙuwar mota mai labule da ta kwana biyu a lungu, wani na fitowa daga ciki da asuba, dole ta jawo tambaya, musamman a wannan zamani na rashin tsaro. Kada ka jira 'yan sintiri su ƙwanƙwasa maka. Ka je wurin mai unguwa da wanda ya san ka, ka gabatar da kanka da sana'arka. Mafi sauƙi shi ne ka daidaita da mai gareji ko mai fili da aka katange, ka riƙa biyan ɗan wani abu a wata. Sau da yawa ma murna zai yi, ya samu mai kwana kusa da kayansa. Wajen zaɓen wurin ka duba inuwa, ko da ta darbejiya ɗaya ce, amma ka tuna faranti na son rana, don haka wasu ba sa kafe shi a rufi, suna sa masa doguwar waya su fito da shi fili motar tana inuwa. Ka duba kusancin masallaci da gidan wanka da bayan gida na haya, waɗanda ba a rasa su a kusa da tashar Unguwa Uku da kasuwar Tarauni. Ka kuma tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya da damina, domin filin da ya yi kyau a Maris yana iya zama tafki a Agusta. Ko ba ka da inda za ka je, ka riƙa tayar da ita sau ɗaya a mako ka zaga da ita, don kada birki ya kame, taya kuma ta kwanta ta gefe ɗaya.