Ƙudan da Ba Shi da Fiffike: Ƙirar Jikin Braula coeca da Matsayinsa a Rabe-raben Ƙwari

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan wani ƙaramin ƙwaro mai suna Braula coeca, wanda ke rayuwa a jikin ƙudan zuma. Masu kiwon zuma a ƙasashe da dama suna kiran sa kwarkwatar zuma, alhali a ma'aunin ilimin ƙwari ƙuda ne, duk da cewa ba shi da fiffike ko ɗaya. Maƙalar ta fayyace sassan jikinsa da matakan rayuwarsa, ta bi diddigin yadda masana suka shafe kimanin shekaru 200 suna sauya masa dangi, sannan ta nuna abin da wannan ke koyarwa game da ƙirƙirar kalmomin kimiyya a Hausa.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana raɗa wa ƙwaro suna ne bisa abin da ido ya gani ko abin da jiki ya ji. Wanda ke tashi yana shawagi, ƙuda ne, shi ya sa aka sami ƙudan zuma da ƙudan tsando. Wanda ke maƙalewa a jiki kuwa, ko dai kwarkwata, ko ƙuma, ko kaska. Wannan rabo yana biya wa manomi da makiyayi bukata, sai dai ilimin rabe-raben halittu yana bin wata hanya daban, wato asali da dangantaka. A wajen masana wannan fanni, sauro da ƙudan gida da ƙudan tsando 'yan rukuni ɗaya ne mai suna Diptera, kalmar Girkanci da ke nufin "masu fiffike biyu". Ƙudan zuma ba ya cikinsu, domin fukafukansa huɗu ne, kuma danginsa su ne zanzaro da tururuwa a rukunin Hymenoptera.

Braula coeca ya zo da wani al'amari mai ɗaure kai. Ƙwaro ne da ba ya tashi, yana zaune a jikin ƙudan zuma kamar kwarkwata, amma shi ne ƙuda na ainihi, mai masaukin nasa kuwa ƙuda ne a suna kawai. Tambayar da maƙalar ke amsawa ita ce: da wace hujja aka sanya halitta marar fiffike a rukunin masu fiffike biyu?

2.0 Ƙirar Jiki

Tsawon balagaggen Braula bai wuce milimita 1.5 ba, faɗinsa kuma bai kai milimita ɗaya ba. Launinsa ja ne mai duhu, jikinsa a baje yake kuma lulluɓe da gashi mai tsauri. Kamar sauran ƙwari, yana da ƙafafu shida, jikin kuma ya kasu uku: kai da ƙirji da ciki.

2.1 Kai

Kan yana da faɗi, yana manne da ƙirji ba tare da siririn wuyan da aka sani ga ƙudan gida ba. Manyan idanun da suka mamaye kan ƙuda sun tsuke a nan, sun zama 'yan ɗigo marasa ƙarfin gani, ƙananan idanu uku na tsakar ka kuma babu su gaba ɗaya. Daga nan aka samo kashi na biyu na sunansa, domin coeca a Latin na nufin makauniya. A cikin amya duhu ne, don haka shinshina da taɓawa sun fi gani amfani. Gajerun ƙahonninsa biyu na shinshina suna kwance cikin wasu ramuka a fuska, yadda ba za su karye ba idan yana kutsawa tsakanin gashin mai masaukinsa.

Bakinsa shi ne alama ta farko da ke raba shi da kwarkwatar mutum. Ba shi da tsinken huda fata, kuma ba ya shan jini. Baki ne mai laushi na lasa da tsotsar abu mai ruwa, irin na ƙudan gida.

2.2 Ƙirji

A jikin ƙuda mai tashi, ƙirji ne mafi kauri, domin a nan tsokar tashi take. A jikin Braula ƙirjin ya gajarce ƙwarai, har ya yi kama da ɗaya daga cikin gaɓoɓin ciki. Fukafukai babu. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne rashin wasu 'yan gaɓɓai biyu masu siffar kulki, waɗanda ke bayan fukafukan ƙuda suna daidaita masa tashi. Waɗannan 'yan kulake ragowar fukafukan baya ne, kuma su ne babbar shaidar rukunin Diptera, har ƙudaje da yawa da suka rasa fiffike suna riƙe da su. Braula ya rasa duka biyun.

2.3 Ƙafafu

Abin da ƙirji ya rasa, ƙafafu sun samu. Suna da ƙarfi, suna buɗewa gefe da gefe, kowace kuma tana ƙarewa da gaɓa mai faɗi. Ƙudan gida yana da farata biyu a kowace ƙafa. A wurin Braula faratan sun rikiɗe sun zama mashaci mai haƙora kusan talatin. Gashin ƙudan zuma yana da rassa ƙanana, waɗanda da su yake kwasar garin fure, haƙoran mashacin kuwa suna shiga tsakaninsu su riƙe. Kusa da mashacin akwai wasu 'yan matasai masu laushi da ke taimaka masa tafiya a wuri mai santsi kamar kakin zuma. Masu bincike a Jami'ar Kiel ta Jamus sun auna ƙarfin wannan riƙo, suka tarar ya ninka nauyin ƙwaron fiye da sau dubu. Duk da haka yana iya sakin gashin nan take, ya yi gudu a jikin mai masaukinsa ko ya koma kan wani.

2.4 Ciki da Fata

Cikin yana da faɗi da kewaye, shi ne ya ɗauki mafi yawan tsawon jiki. Fatar kuma tana ɗauke da wata kariya da ido ba ya gani. Ƙudan zuma yana gane ɗan gida da baƙo ta ƙamshin wani maiƙo da ke fatar jiki, kuma kowace amya da irin nata. Bincike ya nuna cewa maiƙon jikin Braula yana yin kama da na amyar da yake zaune, wanda hakan ke sa masu gida ba sa ɗaukar sa a matsayin baƙo.

3.0 Matakan Rayuwa

Hujja mafi ƙarfi ta zamansa ƙuda tana cikin ƙuruciyarsa. 'Ya'yan kwarkwata suna fitowa daga ƙwai da siffar iyayensu, girma kawai suke ƙarawa. Braula kuwa yana bin matakai huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanci, sannan balaga.

Macen tana saka fararen ƙwai a kan saƙar zuma, musamman a murfin kaki da ke rufe ramukan da zuma ta nuna. Tsutsar da ke fitowa fara ce marar ƙafa, mai ƙugiyoyin baki irin na tsutsar ƙudaje. Tana haƙa siririyar hanya a cikin murfin kakin, tana cin abin da ta samu na zuma da garin fure. Waɗannan hanyoyi suna bayyana a fuskar saƙa kamar fararen zare masu rassa. Bayan ta yi saɓa sau biyu ta kai mataki na uku, sai ta kwanta a ƙarshen hanyar, a cikin fatarta ta ƙarshe, har ta rikiɗe. Daga ƙwai zuwa balaga yakan ɗauki kimanin makonni uku, gwargwadon zafi ko sanyin wuri. Sabon balagagge dole ya hau jikin ƙudan zuma da wuri, in ba haka ba yunwa ta kashe shi.

Abincin babba sata ne. Yakan zauna a ƙirjin ƙudan zuma, idan ya ji yunwa ya gangaro kusa da baki, ya lashi abincin da ƙudajen ke miƙa wa juna, ko ya sosa leɓen mai masaukin da ƙafa har ya fito da ɗigon abinci. Ya fi taruwa a jikin sarauniya, domin ita ake ciyarwa dare da rana da abinci mafi kyau.

4.0 Tarihin Rabe-rabensa

Masanin Faransa Réaumur ya siffanta wannan ƙwaro tun a 1740. Sunan kimiyya kuwa Bajamushe Christian Ludwig Nitzsch ne ya raɗa masa a 1818. Tun lokacin an fahimci yana da alaƙa da ƙudaje, amma an haɗa shi da wani gungu da ake kira Pupipara, wanda ya ƙunshi ƙudaje masu shan jini a jikin dabbobi da tsuntsaye, kamar Melophagus ovinus, ƙuda marar fiffike da ke zama cikin gashin tumaki. Matan wannan gungu ba sa saka ƙwai. Suna renon tsutsa ɗaya a ciki har ta girma sannan su haife ta, kamar yadda ƙudan tsando ke yi. Kamanni ne ya jawo wannan haɗi: jiki a baje, ƙafafu masu riƙo, rashin fiffike.

A farkon ƙarni na 20 wasu masana sun karkata ga danganta shi da dangin Phoridae, wanda ke da mambobi marasa fiffike masu zama a gidajen tururuwa da gara. Nan ma siffa aka bi. A 1921 S. H. Skaife, masanin ƙwari a Afirka ta Kudu, ya bayyana ƙwai da tsutsar Braula, abin da ya rushe zaton cewa haihuwa yake yi. A 1942 A. D. Imms na Ingila ya yi nazarin tsutsar dalla-dalla, ya ƙarfafa ra'ayin cewa danginsa suna cikin ƙananan ƙudaje da ake kira Acalyptratae. Sai dai wannan gungu yana da dangi masu yawa, kuma an daɗe ana sauya wa Braula wuri a cikinsa, har aka jima ana lissafa shi a babban dangin Carnoidea.

Nazarin ƙwayoyin gado na DNA ne ya kawo sabon haske. Wani babban bincike a kan dangantakar ƙudaje da aka wallafa a 2011 ya kusantar da shi ga dangin Drosophilidae, wato 'yan ƙudajen nan masu jan ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba. Binciken da ya biyo baya a 2022, da kuma karanta ɗaukacin kundin gadonsa a 2024, sun nuna cewa a cikin wannan dangi ma yake, reshe ne daga rassansa. Ke nan makahon ƙwaron da ke cikin amya ɗan'uwa ne ga Drosophila melanogaster, ƙudan da ilimin gado ya fi dogara da shi a ɗakunan gwaji.

A tsarin da aka saba, ana jera shi kamar haka: aji Insecta, rukuni Diptera, dangi Braulidae, jinsi Braula, nau'i Braula coeca. Nau'o'in dangin duka ba su kai goma ba, a jinsi biyu. Jinsin Braula ya haɗa da pretoriensis da schmitzi da orientalis da kohli, na biyu kuwa shi ne Megabraula, wanda aka bayyana a 1986 daga ƙasar Nepal, a jikin babban ƙudan zuman tsaunukan Himalaya.

Dalilin wannan doguwar ruɗani a fili yake. Halittun da ba su haɗa asali na kusa ba, idan suka shiga yanayin rayuwa iri ɗaya, sukan wayi gari da siffa iri ɗaya. Duk mai zama cikin gashi yana bukatar jiki a baje da ƙafa mai riƙo, fiffike kuma cikas ne gare shi. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

5.0 Bambancinsa da Varroa

Tantance wannan ƙwaro yana da amfani a aikace. Akwai wata halitta mai suna Varroa destructor da ke kama da shi a launi da girma, wadda ta bazu a yawancin ƙasashen duniya, har da Nijeriya. Varroa dangin kaska ce: ƙafafunta takwas, faɗinta ya fi tsawonta, tana cin jikin ƙudan zuma da 'ya'yansa, tana yaɗa cututtuka, tana iya hallaka amya ɗungurungum. Ɓarnar Braula kaɗan ce. Hanyoyin tsutsarsa suna ɓata kyan saƙar da za a sayar, kuma idan ya yi yawa a jikin sarauniya yana iya rage mata abinci. Mai kiwon da ya kasa bambance su zai iya zuba magani inda ba a bukata, ko ya yi sakaci inda ake bukata. Ƙidaya ƙafafu da madubin ƙara girma ya isa raba gardama. A ƙasashen Turai da dama, magungunan da aka yi ta zubawa domin Varroa sun kusa ƙarar da Braula, har ya zama sai a wasu tsibirai da keɓaɓɓun wurare ake samun sa da yawa.

6.0 Kammalawa

Braula coeca ya rasa fukafukai da 'yan kulake da yawancin ganinsa, amma bakinsa da tsutsarsa da ƙwayoyin gadonsa sun tabbatar da shi a rukunin Diptera. Wannan ya shafi masu ƙirƙirar kalmomi kai tsaye. Idan aka fassara sunansa na Turai kalma da kalma aka ce "kwarkwatar zuma", an shigo wa Hausa da kuskuren da kimiyya ta riga ta gyara, kuma an ƙara wa mai kiwo ruɗani tsakaninsa da Varroa. Idan aka ce "ƙudan ƙudan zuma", an faɗi gaskiya amma an rikita mai sauraro, tunda kalmar ƙuda ta ɗauki ma'ana biyu a suna ɗaya. Suna irin "makahon ƙudan amya" ya fi kusa da biyan bukata, domin ya ambaci rukuni da siffa da mazauni. Hanyar da ta fi dacewa a littattafan kimiyya na Hausa ita ce a bar sunayen gargajiya kamar ƙudan zuma yadda al'umma ta gada, a bayyana wa ɗalibi cewa kalmar ƙuda tana da ma'ana ta yau da kullum da kuma ma'ana ta fanni, sannan a gina sababbin sunaye a kan ma'anar fannin.