Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba: Ina Za Mu Kai Sirrinmu A Zamanin Facebook Da WhatsApp?

A farkon watan Janairun 2021, kamfanin WhatsApp ya sanar da masu amfani da shi cewa ya sauya ƙa'idojinsa na tsare sirri, kuma wanda bai amince da su ba zuwa 8 ga Fabrairu, to ya nemi wani wurin. Hankalin jama'a ya tashi. Miliyoyin mutane suka kwarara zuwa Signal da Telegram, har manhajar Signal ta sami tangarɗa saboda cunkoso, kamfanin kuwa ya ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu. A nan gida ma an yi ta yaɗa saƙonnin gargaɗi, amma da ƙura ta lafa, sai akasarinmu muka koma inda muka fito. An yi gudun ba tare da an fahimci abin da ake gudu ba, shi ya sa aka dawo ba tare da an tambayi ko haɗarin ya kau ba.

Tambayar farko da ya kamata mai hankali ya yi wa duk kafar da ta ba shi masauki kyauta ita ce: da me take cin abinci? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Meta, mamallakin Facebook da Instagram da WhatsApp, yana samun fiye da kashi 95 cikin ɗari na kuɗin shigarsa ne daga tallace-tallace. Abin da mai talla yake saye shi ne sanin mutum: shekarunsa, garinsu, abokansa, abin da ya tsaya ya kalla da tsakar dare, da abin da yake fusata shi. Da wannan lissafi ne Facebook ya sayi WhatsApp a kan kusan dala biliyan 19 a shekarar 2014.

A 2018 duniya ta ga inda irin wannan tari yake iya kaiwa, lokacin da aka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan mutanen da za su kai miliyan 87 daga Facebook domin harkar zaɓe. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa hannun kamfanin ya iso har zaɓen Nijeriya na 2015. Hukumomin Amurka suka ci tarar Facebook dala biliyan 5 a 2019. A watan Yulin 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta yanka wa Meta tarar dala miliyan 220, bisa samun sa da yin gaban kansa da bayanan 'yan ƙasa da kuma nuna masu bambanci idan aka kwatanta da mutanen wasu ƙasashe. Kotun sauraren ƙorafi ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025.

Wani zai ce shi ba shi da abin ɓoyewa. Wannan magana ba ta riƙe ruwa a wurin wanda ya taɓa ganin aikin manhajojin bayar da bashi. Mutum ya ranci 'yan dubbai, ya ba manhaja izinin duba lambobin da ke cikin wayarsa, da ya yi jinkirin biya sai a aika wa surukinsa da maigidansa saƙon cewa shi ɓarawo ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar NITDA ta ci tarar ɗaya daga cikinsu naira miliyan 10 a 2021. Waɗanda aka tozarta ba su aikata laifin da suke ɓoyewa ba. Mutunci ne da su, kuma shi aka taɓa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, kuma tun kafin shi Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane.

Magabatanmu sun warware wannan matsala da ginin ƙasa. Gidan Bahaushe yana da daɓe a ƙofa inda kowa zai iya zama, sai zaure inda maigida yake ganawa da baƙi, sai shigifa, sai tsakar gida, sai ɗaki. Kowace magana da muhallinta. Abin da ya same mu a yau shi ne mun rushe waɗannan katangu, mun tattara zancen daɓe da na ɗaki mun zuba a hannun kamfani ɗaya. Saboda haka neman madadi yana nufin sake gina katangun: a san kafar da ta dace da ɗaki, a san wadda ta dace da dandali.

Mu fara da ɗaki. Abin da ake nema a nan shi ne kulle saƙo tun daga wayar mai aikawa, ta yadda ba zai buɗu ba sai a wayar wanda aka aika wa, ko kamfanin da ya yi dakon saƙon ba zai iya karanta shi ba. Adalci ne a faɗa cewa WhatsApp yana yin haka tun 2016, kuma fasahar Signal ce ya ara. Matsalar tana kan abin da ke bayan ambulan. Mai kai wasiƙa bai karanta abin da ke ciki ba, amma ya san wanda ya aiko, da wanda aka kai wa, da lokacin, da yawan zirga-zirgar. WhatsApp yana tattara irin waɗannan bayanai, kamar lambar waya da nau'inta da lokutan da ake amfani da manhajar, kuma yana raba wasu da sauran kamfanonin Meta. Wanda ya san cewa wata baiwar Allah ta kira lauya sau biyar a mako guda bayan ta kira mahaifinta, ba ya buƙatar jin abin da aka tattauna.

A nan Signal ta yi fice. Gidauniya ce take tafiyar da ita, wadda aka kafa a 2018 ba don neman riba ba, da dala miliyan 50 daga Brian Acton, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri WhatsApp, bayan ya raba gari da Facebook. Ba ta talla, gudummawa take ci, kuma tsarin rubutunta a buɗe yake ga duk masanin da yake son bincika shi. An gwada ta a 2016, lokacin da wata kotu a jihar Bajiniya ta Amurka ta nemi bayanan wasu masu amfani da ita. Abin da aka iya miƙawa shi ne ranar da aka buɗe asusu da ranar ƙarshe da aka shiga, domin iyakar abin da aka ajiye ke nan. A 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta shawarci ma'aikatanta da su koma kanta. Rauninta shi ne sai da lambar waya ake yin rajista, lambobinmu kuwa an ɗaure su da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Sai dai tun 2024 mutum yana iya ɓoye lambarsa ya bayar da laƙabi kawai, wanda wannan babbar kariya ce ga ɗaliba ko 'yar kasuwar da ba ta son lambarta ta zama ta kowa. Mai son kauce wa lambar waya gaba ɗaya yana da Threema ta ƙasar Suwizalan, wadda ake saye da kuɗi, ko kuma Session.

Telegram kuwa akwai buƙatar a yi hattara da ita, domin da yawa sun guji gara sun faɗa gidan zago. Hirar yau da kullum a Telegram ba a kulle take daga waya zuwa waya ba, a rumbun kamfanin take zama. Sai mutum ya zaɓi hirar sirri da kansa, ita ma tsakanin mutum biyu kaɗai, ban da zaurukan jama'a. Bayan da aka kama mai ita, Pavel Durov, a Faransa a watan Agustan 2024, kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa miƙa lambobin waya da adireshin intanet na waɗanda ake zargi idan hukuma ta zo da umarnin shari'a. Telegram tana da amfani wajen raba littattafai da karatuttuka, amma makaranta ce, kada a ɗauke ta ɗakin kwana.

Sai dandali, inda ake magana don duniya ta ji. A nan abin tsoron shi ne wanda yake riƙe da makullin ƙofa. A ranar 5 ga Yunin 2021 gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter bayan an goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, kwana 222 ke nan. Kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka. Hukumomin gwamnati suka yi ƙaura zuwa Koo ta ƙasar Indiya, ita kuma ta rufe shago a watan Yulin 2024, ta tafi da abin da aka zuba a cikinta. A watan Oktoban 2022 Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44, ya sauya mata suna da ɗabi'a. Darasin guda ne: wanda ya gina rumfa a filin wani, ranar da mai fili ya so zai tashe shi.

Mastodon, wadda wani matashi Bajamushe mai suna Eugen Rochko ya ƙirƙira a 2016, ta bi wata hanyar. Dubban ƙananan zauruka ne, kowane da mai shi da dokokinsa, amma suna magana da juna, kamar yadda mai adireshin Gmail yake aika wa mai Yahoo wasiƙa. Babu talla, babu na'urar da take zaɓo wa mutum abin da zai harzuƙa shi don ya daɗe yana kallo, saƙonni suna zuwa bisa jerin lokacinsu. In mai zaure ya ɓata maka rai, kana iya ƙaura zuwa wani tare da mabiyanka. Gwamnatocin Jamus da Holan sun buɗe nasu zaurukan. Amma a sani cewa saƙon da ake aikawa ta gefe a Mastodon ba a kulle yake ba, mai zaure yana iya gani. Haka nan Bluesky, wadda aka buɗe wa kowa a watan Fabrairun 2024, duk abin da aka wallafa a kanta a fili yake. Waɗannan kafafe suna ba da 'yanci daga mai gida ɗaya, ba su yi alkawarin rufa asiri ba.

Duk da haka, ƙofar ƙarfe ba ta hana ɓarawo idan maigida ne ya buɗe masa. A watan Maris na 2025 manyan jami'an tsaron Amurka suka tattauna shirin kai hari Yaman a wani zauren Signal, ba su lura cewa ɗayansu ya shigar da editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, bisa kuskure ba. Manhajar ba ta gaza ba, mutanen ne suka gaza. A wajenmu irin wannan ya fi yawa: wani ya kira ya ce shi daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai yake, a karanto masa lambobi shida da aka turo, cikin minti guda asusun ya tafi, a fara roƙon kuɗi da sunan mai shi. Wani kuma ya kai waya wurin gyara ko caji a buɗe. Wani ya ɗauki hoton hira ya yaɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma yawancin tsagewar daga gare mu take.

Akwai masu cewa irin waɗannan manhajoji mafaka ce ga miyagu, kuma a yankin da 'yan bindiga suka addaba, ba magana ce ta yarwa ba. Sai dai ba a iya yin makullin da zai buɗu wa ɗan sanda kaɗai ya ƙi buɗuwa ga ɓarawo. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato: talaka ya rasa hanyar kasuwanci da ta sanar da 'yan'uwa halin da yake ciki, ta'addancin kuma bai ƙare ba. Tsaro yana samuwa ne ta hanyar bincike mai inganci da umarnin kotu, ba sai an yaye wa al'umma duka zane ba.

Babban cikas shi ne ba a ƙaura mutum ɗaya. Mai sayar da atamfa ba za ta bar Instagram ba alhali masu sayenta suna can, kuma babu mai hankalin da zai ce ta bari. Shawarata ita ce a fara da da'irar da ta fi ƙanƙanta kuma ta fi tsada: zauren iyali, inda ake tura hotunan yara da takardun asibiti da lambar asusun banki da labarin ranar tafiya. A mayar da shi Signal, a kunna saƙon da yake goge kansa. Abin da ya rage a WhatsApp a sa masa lambar sirri ta biyu, a kulle kwafin hirar da ake ajiyewa a Google, domin ba ya kulluwa sai an kunna da hannu. A hana duk manhajar da ba ta da dalili shiga lambobin waya da hotuna.

Jami'o'inmu ma da nasu aikin. Bai dace a ce sakamakon jarrabawa da lambobin ɗalibai mata suna yawo a zaurukan da kowa yake shiga ba, musamman bayan dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023. Sassan nazarin kwamfuta a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da ƙarfin buɗe zauren Mastodon na Hausa, da dokokin da suka dace da tarbiyyarmu, su haɗa kai da sassan harsuna a fassara shi, tun da 'yan sa-kai ne suke fassara manhajar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinkar nan ba ta fi ƙarfinmu ba.

Yaran da ake haifa a yau ana wallafa hotunansu tun ranar suna, za su girma su tarar an rubuta tarihinsu a rumbunan da ba su san inda suke ba, ba tare da an nemi izininsu ba. Haƙƙinsu ne a kanmu mu bar masu ɗakin da ba kowa yake leƙawa ba. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.